Shekarar da Na Kai Turmina Kasuwar Shagari

Akwai wata shekara a rayuwata da kowa a danginmu yake da nasa labarin a kanta, ni kuwa da abin ya faru a kaina ba a taɓa tambayata ba. Na ji ana gaya wa jikokina cewa kakarsu ta taɓa fita kasuwa ta zubar da mutuncin gida. Na ji an ce ba da sanin mahaifinku na fita ba, har na ji wata ta ce baƙin cikin abin ne ya kwantar da shi. Ina zaune a ɗakina ake waɗannan maganganu a tsakar gida, ana rage murya, ana zaton tsufa ya toshe mini kunne. Kunnena lafiya lau yake. Don haka, 'ya'yana, ga yadda aka yi, daga bakina, wanda ya ga dama ya yarda.

Kun tashi kun tarar ana kirana Kulu Mai Mai. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'ata tun kafin in haifi babbanku, kuma wurin Innata na koya. Ban taɓa kafa allo a ƙofar gida ba, ban taɓa ba maroƙi ko sisi don ya ambaci sunana ba. Man ne ya yi ta tafiya da kansa. A yi biki a nan Bodinga, a toya masa da shi, wata baƙuwa ta ci ta tambayi uwar biki inda ta samo mai marar gafi haka, a ce mata na gidan Malam Ladan tela ne, wato mahaifinku. Ta koma garinsu ta gaya wa maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta gaya wa surukarta. Duk wadda ta aiko sayen mai, sai na ɗaura mata ɗan ƙuli a leda in ce a kai wa yara, domin na san yaro ba ya cin abu mai daɗi ya yi shiru. A haka sunana ya bi hanya har Shagari. Ya kai ga babu amaryar da za a haɗa wa gara a can ba a sa jarkar maina a ciki ba, masu tsire na bakin tasha kuma ƙulina suke dakawa. Gyaɗar daga Mandera ake kawo mini ita, wurin manoman da muka saba tun iyayensu na raye. Mata da dama na unguwarmu a gidana suke wuni, masu tsince gyaɗa da masu suya da masu murza, kowace da abin da take komawa da shi gida. Duk wannan a kan bakin mutane ya ginu, kuma ban taɓa zama na yi tunanin cewa bakin da ya gina shi zai iya juyowa ba.

A ƙarshen bazarar wannan shekara, lokacin da zafi ya kai inda ya kai, aka yi suna a gidan Hajiya Luba a Shagari. Tsohuwar mai sayen maina ce, mun daɗe tare har muka zama kamar 'yan uwa. Ni ban samu zuwa ba, na dai aika mata da mai da gudummawata. Washegari mutane da yawa da suka ci abincin sunan suka kama amai da gudawa. An kwantar da wasu yara da wata tsohuwa a asibiti, Allah ya sa duk suka tashi, babu wanda ya rasu. Amma kafin su tashi, wani saƙon murya ya riga ya shiga wayoyin mata. Ɗana na biyu, Sani, wanda lokacin yana da shagon gyaran waya a bakin titi, shi ya shigo da hantsi fuskarsa a murtuke ya kunna mini. Muryar mace ce, tana magana a hankali, da sallama da salati kamar mai wa'azi. Ta ce tana yi wa 'yan uwa mata nasiha ne saboda Allah, su guji man Kulu ta Bodinga, domin an gano tana haɗa shi da man taransifoma don ya daɗe a kasko bai ƙone ba. Ta ce yara sun mutu a Shagari. Ta rufe da cewa duk wadda ta ji ta tura wa wata don ta samu lada.

Ban san muryar ba, har yau kuma ban san ta ba. Na sa Sani ya sake kunnawa, na saurara har ƙarshe, sannan na koma kan kaskona domin gyaɗa na wuta. Na ɗauka magana ce da za ta bi iska. Kafin mako ya zagayo, direban bas ɗin da yake kai mini kaya Shagari ya sauke jarkokina a ƙofar gida, a cike kamar yadda suka tafi, ya ce fasinjoji sun ƙi shiga mota da su. Masu tsire suka aiko a dakata. Matan da suke taya ni aiki suka riƙa janyewa da ɗai-ɗai, wannan ta ce mijinta ya hana, waccan ta ce ciwon baya. Ma'aikatan duba-gari sun zo, sun leƙa randunana da tukwanena, sun ɗebi mai sun tafi da shi, daga baya suka ce ba su ga komai ba. Amma a ofishinsu suka faɗa, a hankali, ga wanda ya je ya tambaya. Ita kuwa mai muryar tana cikin aljihun kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yata Asma'u, wadda take aure a Shagari. Ta kira ni tana kuka, ta ce ta kai wa uwar mijinta abinci an maido mata da kwanon ba a buɗe ba.

Sai gida ya cika da shawara. Yayar mahaifinku, Gwaggo Ige, ta taso takanas daga Sakkwato, ta zauna a kan tabarma ta ajiye carbinta.

“Kulu, sunanga ya mutu, ki bar shi shi kwanta,” in ji ta. “Ki yi manki ki aiko min birni, in sai da shi da sunan wata. Wa za shi sani? Mai dai mai na.”

Na ce, “Yaya, in na ɓoye sunana, ai na amsa laihin ke nan.”

Sani kuma nasa daban. Ya yi ta bincike har ya gano cewa a wurin sunan an sha kunun aya na wata mata mai suna Tumba, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma an ce tun daren jajibere ta haɗa shi, ga zafi ga babu wutar lantarki.

“Inna, ki ba ni izini kawai,” ya ce. “Yau ɗin nan in sa a yi wani saƙon, a hwaɗi sunanta. Yadda sunka yi muna, haka za mu yi. Kahin gobe magana ta bar kanki.”

“Ka gani da idonka kununta na?”

“Kowa ya san kunun aya ba shi kwana.”

“Kowa ya san ina zuba man taransifoma,” na ce masa. “Ka ga abin da sanin kowa yay yi min. Ba ni wanke sunana da na wata. In ka yi, ban yahe ba.”

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gudun hayaniya. Ya yi shekaru yana ɗinki a rumfarsa ta kasuwar Bodinga ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba. Shi ganinsa a rufe sana'ar, a yi shiru, a bar wa Allah, bayan shekara ɗaya ko biyu mutane sun manta sai in ci gaba kaɗan-kaɗan. Ya ce abin da yake samu a keken ɗinki zai riƙe mu. Ba ƙarya ya yi ba, da zai riƙe mu. Amma ni ba yunwa nake tsoro ba. Na san mutanenmu: ba sa mantawa, ajiyewa suke yi. Ranar da za a zo neman auren jikata, wata tsohuwa za ta matso kusa da uwar yaro ta ce, ai jikar mai man nan ce da ya kashe yara. Shirun da yake so in yi, shi za a kafa hujja da shi.

Abu na farko da na yi, na nemi izininsa in je duba marasa lafiya, ya ba ni. Na shiga mota na tafi gidan Hajiya Luba. Na tarar da mata cike da tsakar gida, ana ta shigowa yi mata jaje, ina yin sallama kuwa gidan ya yi tsit. Ta amsa gaisuwata tana kallon ƙasa. Na zauna na gaishe ta da kyau, na tambayi jikin kowane yaro da sunan uwarsa, sannan na ce ko akwai sauran man da na aiko. Ta ce akwai, an ajiye shi a bayan ɗaki za a zubar. Na roƙa a kawo shi, a kawo mini garin rogo da gishiri. A gabansu na jiƙa garin, na tuttula man nan har ya kwanta a sama, na ci na side kwanon. Sannan na gyara zama na ce ba zan tashi ba sai an kira la'asar, don in wani abu zai same ni ya same ni a gabansu. Haka na wuni ina hira da wadda ta yarda ta yi hira da ni. Da zan tafi Hajiya Luba ta rako ni zaure.

“Kulu, ni ban taɓa cewa manki na ba,” ta ce.

“Ba ki ce ba, Hajiya. Ba ki kuma ce ba shi na ba.”

Ta san gaskiya na faɗa. A bakin lungu kuma wata siririyar mata ta tare ni, mayafinta ya kusa rufe mata ido. Ta ce ita ce Tumba. Ta ce tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, tana jin tsoron ko kununta ne, ko kuma ruwan da aka saya wurin 'yan garuwa, ita ma ba ta sani ba. Na ce mata ni ma ban sani ba, kuma sunanta ba zai fita daga bakina ba. Amma na kama hannunta na ce, in na sake jin ta kwana da kunu ta kai wa mutane, ni da kaina zan shiga gida-gida in faɗa. Ta rantse ba za ta ƙara ba, kuma iyakar sanina ba ta ƙara ba.

A mota ina komawa Bodinga na yi lissafin abin da na samu. Matan gida ɗaya sun ga na ci mai ban mutu ba. Saƙon kuwa ya kai ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. A kujerar bayana ma wasu mata biyu labarina suke yi, ba su san ni ce ba, har ɗaya tana cewa an kama ni an kai ni birni da ankwa. A nan na gane cewa abin da ya sa ƙaryar ta zauna shi ne ba wanda ya taɓa ganin yadda nake aikina. A cikin gida nake yi, bayan katanga, mai sai dai ya fito a jarka. To, in katanga ce ta ba su damar faɗin abin da suka ga dama, sai in fito da aikin waje.

Bayan mahaifinku ya ci abincin rana washegari, na durƙusa na gaya masa ina so in ɗauki turmi da kasko in je kasuwar Shagari ranar da take ci, in yi mai tun daga ɗanyar gyaɗa har ƙuli, a gaban kowa. Ya ɗago kai ya ce:

“Matata, cikin kasuwa, tana daka gaban maza?”

“Malam, sunana ya riga ya shiga kasuwa ba mayahi. Ni da mayahina za ni.”

“Kin san abin da za a ce da ni?”

“Na sani. Ka san abin da aka cewa da ni yanzu.”

Ya tashi ya sa hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

“Ban hana ki ba, Kulu. Ban kuma ce ki tahi ba.”

Waɗannan su ne kalmominsa, ban ƙara ba ban rage ba. Duk wanda ya ce muku na fita ba da saninsa ba, ƙarya yake. Na san sarai so yake in ji nauyin maganar in fasa. Na ji nauyinta, ban fasa ba.

Sani ne ya raka ni, yana fushi amma ya ɗauki turmin. Daga cikin matan unguwa babu wadda ta biyo ni, ban kuma zarge su ba. Da muka isa na fara zuwa wurin sarkin kasuwa, wani dattijo mai farin gemu da yake zaune a rumfar masu hatsi. Na durƙusa daga nesa.

“Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka. Ni ce Kulu ta Bodinga, wadda anka ce manta ya kashe ɗiya. Wuri nika roƙo, in yi aikina inda ido ka gani. Ba ni sai da komi.”

Ya dube ni, ya dubi turmin, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ake zargi ya kawo kansa da kayan aikinsa ba. Ya nuna mini gindin wata dalbejiya kusa da masu awo, ya ce in wani ya taɓa ni a gaya masa. A nan na kafa murhu. Gyaɗar ma ban zo da ita daga gida ba, a wurin masu awon na saya kowa na gani. Na shimfiɗa tabarma na tsince ta ƙwaya-ƙwaya, ina ware ruɓaɓɓu da waɗanda cikinsu ya yi baƙi gefe. Kafin in hura wuta mutane sun fara taruwa. Wani matashi ya ce ga mai taransifoma ta zo, aka yi dariya. Wata mai sayar da daddawa ta ce in ban da rashin kunya, me ya fito da matar aure kamata. Na ce mata rashin kunyar wata ce ta fito da ni, in ta san ta ta gaishe ta. Ban ƙara tanka wa masu zagi ba, amma duk wanda ya yi tambaya na amsa masa.

Innata tana da yadda take suyar gyaɗa, wanda ta gargaɗe ni kada in nuna wa kowa sai 'yata. Ba a suya ɗaya ake gamawa ba. Ana soya ta sama-sama cikin yashi mai zafi, a sauke, a baza ta huce sarai, sannan a mayar a ƙarasa da wuta kaɗan. Shi ne yake kashe gafi, shi ne yake ba man launinsa. Ko matan da suke taya ni ba su san dalili ba, don suyar ƙarshe ni kaɗai nake yi a ɗakin girki. Ranar nan da na sauke gyaɗar na baza, wata mata daga cikin masu kallo ta ce, ai ba ta soyu ba, don me kika sauke? Hannuna na kan faifai na tsaya. Na san in na ce sirri ne, an gama da ni, gobe za a ce ga inda take zuba abin. Na nemi gafarar Innata a zuciyata, na ɗaga murya na yi mata bayani dalla-dalla yadda na baya ma za su ji. Da aka zo niƙa na ce mutum biyu da ba su san ni ba su raka Sani wurin mai inji su dawo tare da shi. Aka dawo da ƙullin, na juye a turmi, na naɗe hannun riga, na kama tabarya ina murzawa ina yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Aiki ne na mata biyu ko uku, ni kaɗai na yi shi, ga rana ga shekaru. Zufa ta jiƙa mini mayafi. Can sai ƙullin ya fara ƙyalli, man ya taso ya kwanta a gefen turmi, ƙamshi ya bi rumfuna. Hayaniyar ta ragu da kanta.

Na matse tunkuzar, wato ƙullin da man ya fita daga cikinsa, na mulmula ƙuli, na soya a cikin man da suka ga fitowarsa, na zuba a faranti na ajiye a tsakiya. Na ce bisimilla. Babu wanda ya motsa. Na ci, Sani ya ci, mutane suna kallonmu kamar masu jiran a faɗi. Sai Buba mai tsire ya ratso taron. Ya daɗe yana sayen ƙulina, yana kuma cikin waɗanda suka fara aiko a dakata. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya tauna a hankali, ya tsoma yatsa a man ya lasa.

“Wanga shi na wanda nis saba saye,” ya ce, ba ni yake gaya wa ba, taron yake gaya wa. “Ɗanɗanonai bai sake ba ko kaɗan. In da guba ciki, da ni da masu cin tsirena mun daɗe da mutuwa.”

Ya cika aljihunsa ya tafi. Bayansa wata tsohuwa ta miƙo hannu, sai wani, sai faranti ya ƙare.

Kada ku zaci a ranar komai ya gyaru. Na koma gida ƙafafuna a kumbure, washegari babu wanda ya aiko sayen ko ludayi ɗaya. Kasuwa ta gaba na sake ɗaukar turmi, da wadda ta biyo bayanta, haka na yi ta yi har damina ta sauka sosai. Na kuma buɗe ƙofar gidana a Bodinga, na ce duk macen da take son ganin inda ake yin mai ta shigo ba sai ta yi sallama sau biyu ba. Wasu sun zo don gulma, na ba su kujera. Matasa sun ɗauke ni a waya ina kan turmi, hoton ya bi hanyar da saƙon farko ya bi, har aka sa mini suna tsohuwa mai taurin kai. Sannu a hankali masu tsire suka dawo, direba ya dawo, matan unguwa suka riƙa shigowa suna sunkuyar da kai, na ce kowace ta koma kan aikinta ban tambaye su komai ba. Da kaka ta yi, Hajiya Luba ta aiko a kai mata mai na bikin jikarta, kuma an gaya mini ta tsaya a tsakar gidanta ta faɗi sunan mai man da ƙarfi. Uwar mijin Asma'u ta ci abincinta.

Abin da na biya kuwa ba kaɗan ba ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. Matan Shagari ba su zo kallo kawai ba, sun koya. Kafin shekara ta zagayo gidaje da yawa a can suna suya biyu, man su kuma ba laifi. Cinikina na Shagari bai sake komawa yadda yake ba har na ajiye tabarya. Abin da Innata ta riƙe duk rayuwarta, ni na raba shi a gindin bishiya a wuni ɗaya. Gwaggo Ige ta daina kwana a gidanmu in ta zo gari. Mafi nauyi kuma shi ne mahaifinku. Wani abokin sana'arsa ya miƙa masa waya a rumfa, a gaban sauran teloli, ya ce Malam Ladan dubi uwargida ta yi suna. Ya ga matarsa hannu a naɗe, maza kewaye da ita suna dariya. Bai ce mini komai ba da ya dawo. Bai taɓa zagina ba, bai rage mini komai na haƙƙina ba, amma hirar da muke yi bayan ya dawo kasuwa ta mutu. Mutumin da yakan zauna bakin murhu yana ba ni labarin masu kawo ɗinki, sai ya koma zama a zaure. Mun yi shekaru a haka, gida ɗaya, gaisuwa da abin da ya zama dole. Ya yi mini ciwo, ina kuma jin shi ma ya yi masa. Amma ciwon da ya kwantar da shi daga baya na ƙoda ne, likitoci sun faɗa a gaban Sani, ba ni ba ce.

A kwanakinsa na ƙarshe ni nake jinyarsa. Wata rana bayan la'asar ya ce a fitar da shi tsakar gida ya sha iska. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na jingina shi da matashi, na zauna ina yi masa fifita. Ya kira sunana, ya ce zama ya yi tsawo tsakaninmu, in yafe masa duk abin da ya yi mini, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Na ce na yafe duniya da lahira. Sannan na gyara zama, domin ni ma lokacina ne.

“Malam, ni ma ka yahe min duk abin da niy yi maka. Kaifin bakina, da gardamata, da ranakun da nib ɓata maka rai. Amma ban da zuwana kasuwar Shagari. Wannan ban sa shi ciki ba, don ba laihi na ba.”

Ya buɗe ido ya dube ni. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, na ɗauka tari ne, na miƙa hannu zan ɗauko ruwa. Dariya yake yi, irin wadda na yi shekaru ban ji ba.

“Har nan, Kulu?”

“Har nan, Malam.”

Ya kama hannuna, wanda tabarya ta mayar kamar fatar ganga, ya riƙe a kan ƙirjinsa.

“Na yahe sauran,” ya ce. “Wancan kuma ki riƙe abinki. Da kin roƙa, da na ce an musanya min mata.”